FASHIN BAƘI: Na'urar ɗab'in tsoka ta haɗin hannu, yadda ake ƙera ta, iyakarta, da rabon gaɓar tafkin Kainji a cikinta

Lokaci zuwa lokaci labari kan ɓulla a soshiyal midiya cewa masana sun buga zuciya ko ƙoda da na'ura, wai nan ba da jimawa ba masu ciwon ƙoda za su daina neman wanda zai ba su tasa. Rabin labarin gaskiya ne. Akwai na'urorin da ke jera ƙwayoyin halitta masu rai hawa-hawa har su fitar da siffar fata ko guringuntsi, kuma tun 2013 ɗalibai da masu sha'awar ƙere-ƙere suke haɗa irinsu da hannunsu a kan kuɗin da bai kai na sabon babur ba. Ɗaya rabin kuwa ƙari ne, domin har yau ba a dasa wa wani ɗan Adam ƙoda, hanta ko zuciyar da na'ura ta buga ba.

Sanin inda gaskiyar ta tsaya yana da amfani ga mazauna Yawuri, Ngaski da Shanga ta fuska biyu. Ta farko, ɗaya daga cikin sinadaran da ake yin wannan aiki da su ana iya tatso shi daga fatar karfasa, kifin da masuntan tafkin Kainji ke kamawa kullum. Ta biyu, duk fasahar da ta shafi naman jikin mutum takan zo da tambayoyin kuɗin gwamnati, doka da amana, kuma Arewa ta taɓa ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da su.

Mece ce wannan na'ura?

Firintar ofis tana zuba tawada a kan takarda, shafi ɗaya a shimfiɗe. Firintar da ake kira 3D tana narka zaren roba ne, ta shata layi, ta ɗora wani a kansa, hawa bisa hawa, kamar yadda magini ke ɗora tubali, har abu mai tsawo da faɗi da kauri ya tashi. Na'urar ɗab'in tsoka ita ma haka take aiki, sai dai abin da take zubawa wani jel ne mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rai, wato ƙananan ɗakunan rai da suka haɗu suka zama fata, nama, jini da ƙashi. Faɗin yawancin ƙwayoyin jikin mutum bai wuce maikuromita 10 zuwa 20 ba, ita kuwa maikuromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita.

Wannan cakuɗe na jel da ƙwayoyi shi ake kira tawada mai rai. Duk wanda ya taɓa ganin romon ƙafar sa ya kwana a sanyi ya daskare ya san irin jel ɗin da ake nufi, don kuwa abin da ya daskarar da romon shi ne jelatin, kuma yana cikin manyan sinadaran tawadar.

Daga ina ta faro?

A 1988 Robert Klebe na Jami'ar Texas a Amurka ya yi amfani da firintar ofis ta kamfanin HP wajen shata wa ƙwayoyin halitta inda za su zauna. A 2003 Thomas Boland na Jami'ar Clemson ya wanke kwandon tawadar irin wannan firinta, ya zuba ƙwayoyi masu rai a ciki, ya nuna cewa suna iya fitowa da ransu. Ke nan tun tashin farko da kayan kasuwa da aka sauya wa aiki fasahar ta soma.

Abin da ya buɗe ƙofa ga talaka shi ne aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, inda ya saki zanen firintar 3D kyauta ga kowa, sai kuma ƙarewar wa'adin haƙƙin mallakar fasahar narka roba a 2009. Daga nan farashi ya faɗi warwas. A farkon 2013 wata ƙungiyar masu sa-kai mai suna BioCurious a jihar Kaliforniya ta wallafa yadda ta haɗa na'ura daga sassan tsohuwar firinta da injinan faifan CD a kan kimanin dala 150, ta kuma rubuta kalmomi da ƙwayoyin bakteriya masu ƙyalli. A shekarar ce kuma Afate Gnikou na cibiyar WoeLab da ke Lome, babban birnin Togo, ya haɗa firintar 3D daga bolar kwamfutoci. Tasa roba take bugawa, amma ta tabbatar da cewa ana iya haɗa gangar jikin na'urar a Afirka ta Yamma.

Ɗakin binciken Adam Feinberg a Jami'ar Carnegie Mellon shi ya mayar da haɗin hannu aikin da manyan mujallun kimiyya ke karɓa. A 2015 suka bayyana dabarar da suka kira FRESH, a 2018 suka saki zanen famfon sirinji da ke mayar da firintar roba na'urar ɗab'in tsoka a ƙasa da dala 500, a lokacin da na kamfanoni ke farawa daga dala 10,000 zuwa 20,000. A 2019 suka buga sassan zuciya da sinadarin kolajin. Masu bincike a Jami'ar Cardiff ta Birtaniya su ma sun haɗa tasu da tubalan wasan yara na Lego a kan kimanin fam 500 domin nazarin fata.

Hanyoyi uku na ɗab'i

Hanya ta farko ita ce ta ɗigo, irin ta firintar ofis. Tana da sauri, ƙwayoyi kuma sukan tsira da yawa, amma sai tawada ta kasance ruwa-ruwa, shi ya sa ba ta iya gina abu mai tsawo.

Ta biyu ita ce ta matsa, inda ake tura jel mai kauri ta bakin allura ya fito kamar taliya. Ita ce mafi sauƙi da arha, ita ce kuma kusan duk masu haɗin hannu ke bi. Illarta ita ce matsin da ƙwayoyi ke sha a cikin allura yana kashe wani kaso nasu.

Ta uku ta haske ce, ko dai leza ta harba ɗigon tawada, ko a haska wani ruwa ya daskare a siffar da ake so. Ta fi kowace fitar da zane mai kyau, ta kuma fi tsada.

Sassan na'urar da yadda ake haɗa su

Mai haɗin hannu yakan fara ne da firintar roba ta kasuwa, irin su Ender-3 ko Prusa, domin ta riga ta iya motsi ta fuska uku: hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Sai ya kwance kan da ke narka roba, ya ɗaura famfon sirinji a gurbinsa. Hikimar ita ce, kafin a kwance kan, da firintar ce ake buga madaurin da zai riƙe sirinjin.

Famfon ya ƙunshi abubuwa huɗu: sirinjin asibiti, allura marar tsini, dogon sukuru mai zare da notinsa, da ƙaramin injin lantarki mai juyawa taki-taki. Idan injin ya juya sukurun, noti ya gangara ya danna maburgin sirinji, jel ya fito. Lissafinsa ba shi da wuya. Irin wannan inji yana yin taki 200 a juyi ɗaya, allon sarrafawa kuma yana iya raba kowane taki gida 16, ya zama 3,200. Idan sukurun yana tafiyar milimita 2 a kowane juyi, taki 1,600 ne ke matsa maburgi milimita ɗaya. Faɗin cikin sirinji mai mililita 10 ya kai milimita 14.5, don haka milimita ɗaya na matsa yana fitar da kimanin mililita 0.165. Ma'ana sai injin ya yi taki wajen 500 kafin ya fitar da kwatankwacin ɗigon ruwa ɗaya. Wannan taka-tsantsan shi ne sirrin na'urar, babu hannun ɗan Adam da zai iya danna sirinji a haka.

Girman allura yana yanke hukunci mai nauyi. Mai lamba 22 tana da rami na kimanin milimita 0.41, mai lamba 25 milimita 0.26, mai lamba 27 kuwa 0.21. Siririyar allura tana fitar da layi mai kyau amma tana wahalar da ƙwayoyi. Mai faɗi tana barinsu da rai amma zanen yana fitowa da kauri. Dole mai aiki ya zaɓi wanda zai sadaukar.

Saura manhaja. Yawancin waɗannan firintoci suna aiki da manhajar Marlin, wadda aka tsara ta ƙi turo komai muddin kan bai yi zafi ba. Tunda zafin zai dafa ƙwayoyi, ana ba ta umarnin M302 domin ta yarda ta tura a sanyi, sannan a gaya mata sabon lissafin taki. Ana zana siffar da ake so a kwamfuta, wata manhaja irin Cura ta yanka zanen hawa-hawa ta mayar da shi jerin umarni. Ana kuma rage gudu sosai, zuwa milimita 5 ko 10 a daƙiƙa, don jel ba ya son gaggawa.

Ba a fara gwaji da ƙwayoyi masu tsada. Masu bincike kan gwada na'ura da man shafawa mai kauri, su auna faɗin layin da ya fito, su gyara lissafi. Daga nan sai jel marar ƙwayoyi, sannan yis na burodi ko gansakukar ruwa, waɗanda ba su da hatsari kuma suna jure wahala.

Tawada mai rai

Ana neman abu biyu masu saɓani a wurin tawada: ta yi laushin da za ta bi ta allura, ta kuma yi taurin da za ta tsaya idan ta fito.

Aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, shi ne abokin mai koyo. Ana narka kashi 2 zuwa 4 cikin 100 a ruwa, da zarar ya haɗu da ruwan kalsiyam kulorayid sai ya daskare nan take, domin kalsiyam yana ɗaure sarƙoƙin sinadarin da juna. Matsalarsa ita ce ƙwayoyin dabba ba sa iya mannewa a jikinsa, shi ya sa ake cakuɗa shi da jelatin ko kolajin, waɗanda ƙwayoyi suka saba da su a cikin jiki. Akwai kuma jelatin da aka sauya wa siffa, ana kiransa GelMA, wanda haske ke daskarar da shi ya daina narkewa. A kowace mililita ta tawada ana zuba ƙwayoyi miliyan 1 zuwa 10.

Dabarar FRESH ta magance matsalar rushewar abu mai laushi. Ana bugawa ne a cikin kwano cike da ɓarɓashin jelatin mai kama da kunu mai kauri, wanda ke tallafe kowane layi a inda aka ajiye shi. Idan an gama sai a ɗumama kwanon zuwa digiri 37, jelatin ya narke, abin da aka buga ya fito a tsaye.

Inda tsadar take

Na'urar ita ce ɓangare mafi arha a cikin aikin. Ƙwayar dabba mai shayarwa tana buƙatar akwatin reno mai riƙe zafi a digiri 37 dare da rana, da iskar kabon dayoksayid kashi 5 cikin 100, da laima. Abincinta wani ruwa ne na musamman da ake ƙara wa ruwan jinin ɗan tayin saniya, ana shigo da shi daga waje a daskare, kuma idan ya narke a hanya ya lalace. Ƙwayoyin ajiya suna zama a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili.

Tsabta ita ma ba ta karɓar uzuri. Bakteriya guda idan ta faɗa cikin abincin ƙwayoyi, kafin kwana ɗaya ta mamaye shi. Saboda haka ana turara kayan aiki a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 15 ko fiye, ana goge komai da sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 70, ana tace ruwaye da matata mai ramin maikuromita 0.22, ana kuma yin aikin a cikin akwati mai tace iska. Ƙwayoyin da aka ɗebo daga mutum suna iya ɗauke da cutar hanta ko ƙanjamau, don haka aiki da su na ɗakin gwaji mai izini ne da ma'aikata masu horo, ba na shago ko ɗakin kwanan ɗalibai ba. A ƙarshe kuma sai an duba da madubin likita, an ƙirga ƙwayoyin da suka rayu bayan kwana ɗaya, kwana uku, mako guda. Abin da aka buga idan babu wannan ƙidaya ado ne kawai.

Abin da take iyawa da wanda ba ta kai ba

Babban shingen da ya hana buga ƙoda ko zuciya shi ne jijiyoyin jini. A jikin mutum da wuya ƙwaya ta yi nisan da ya wuce maikuromita 100 zuwa 200 da jijiyar da ke kawo mata iska da abinci. Duk abin da aka buga ya fi haka kauri ba tare da hanyoyin jini ba, tsakiyarsa mutuwa take yi. Zuciyar da Jami'ar Tel Aviv ta nuna a 2019, wadda hotunanta suka karaɗe duniya, girmanta kamar na zuciyar zomo ne, kuma ba ta iya harba jini. Mafitsarar da Anthony Atala ya dasa wa yara daga 1999, wadda ake yawan ambata, da hannu aka ƙera ta, ba da firinta ba. Abin da ya fi kusa da nasara shi ne kunnen da aka dasa wa wata matashiya a Amurka a 2022, wanda aka buga da ƙwayoyin guringuntsinta, kuma dalili a fili yake: guringuntsi ba ya buƙatar jijiyoyin jini sosai.

Amfanin na'urar a yau yana ɗakin bincike. Ana buga siraran samfurorin fata, hanta ko ƙari na ciwon daji, a gwada magani ko guba a kansu kafin a taɓa dabba ko mutum. Ana koyar da ɗalibai injiniyanci da ilimin halittu a lokaci ɗaya. Wanda duk ya ce zai sayar da ƙodar na'ura, ko ya nemi a zuba jari a asibitin da zai dasa ta, damfara yake shiryawa. Ƙarancin sassan jiki kuwa matsala ce ta gaske: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma har yau sai an sami mai bayarwa, kuma hukuncin ɗaurin shekara 9 da wata 8 da wata kotun Landan ta yanke wa tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawa Ike Ekweremadu a 2023 ya nuna inda neman ƙoda ke iya kai mutum.

Me ya haɗa wannan da gaɓar Kainji?

An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, daga baya ƙarfin samar da wutarta ya kai megawat 760. Tafkin da ta haifar ya zarce murabba'in kilomita 1,200, ya kuma tilasta sauya wa mutane kimanin 44,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibiran Neja. A yau kamun kifi da bandarsa suna cikin ginshiƙan arzikin Yelwa, Wara da ƙauyukan gaɓa, kuma daga nan ne alaƙar take.

Fata, ɓawo da ƙashin kifi cike suke da kolajin. Idan aka wanke fatar, aka jiƙa ta a ruwan alkali mai rauni, sannan a ruwan asid mai rauni, aka kuma dafa ta a ruwan ɗumi na digiri 45 zuwa 60, jelatin ne ke fitowa. Masu bincike a ƙasashe da dama sun yi tawada mai rai da jelatin kifi. Yana da ƙarin daraja a ƙasar Musulmi, domin mafi yawan jelatin da ɗakunan gwaji ke saya daga fatar alade ake yin sa. Jelatin kifi ya fi na dabbobin tudu saurin narkewa, amma na kifin ruwan ɗumi irin karfasa ya fi na kifayen tekun sanyi jure ɗumi.

Ƙasar Brazil ta nuna cewa ko ba firinta fatar karfasa tana da aiki a asibiti. Tun 2015 masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Ceará suke tsarkake fatar karfasar Nilu, irin wadda ke cikin Kainji, suna rufe ƙuna da ita, kuma sun ga tana rage yawan sauya bandeji da raɗaɗin da ke tattare da shi. Ga yankin da ya ga fashewar tankar mai a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, maganar kula da ƙuna ba baƙuwa ba ce. Sai dai akwai bambanci da ya kamata a lura da shi. A Brazil fatar shara ce daga masana'antun da ke fiɗe kifi, a Yawuri kuwa ana banda kifi ne da fatarsa, a ci gaba ɗaya. Ɓawon da ake kankarewa shi ne ainihin abin da ake zubarwa. Haka kuma jelatin da aka tatso a ɗakin gwaji bai zama na asibiti ba sai an raba shi da dafin bakteriya, an kuma tabbatar kowane kashi ya fito daidai da na baya. Ɗora ɗanyar fatar kifi a kan ƙuna a gida hanyar ruɓar da ciwo ce.

Akwai wata ƙofa da ta fi sauƙin shiga. Ƙwayoyin kifi ba sa buƙatar digiri 37. Da yawansu suna rayuwa a digiri 25 zuwa 28, kuma da abincin da ake kira L-15 ba sa neman iskar kabon dayoksayid. Wannan ya rage rabin wahalar reno. Amfaninsu kuma a fili yake, don da irin waɗannan ƙwayoyi ake gano cututtukan kifi, kamar bairos ɗin da ke kashe karfasa wanda aka bayyana a Isra'ila a 2014, daga baya aka same shi a Masar da tafkin Biktoriya. Cibiyar Binciken Kifin Ruwa Mai Daɗi ta Ƙasa, NIFFR, tana Sabuwar Bussa a ƙarshen tafkin ta kudu. Ta samo asali ne daga aikin binciken tafkin Kainji na 1968, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1987. Jihar Kebbi kuma tana da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru. A Sakkwato akwai cibiyar binciken lafiya ta CAMRET a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Cututtukan yankin su ma suna ba da abin nazari. Tsargiya, wadda ke addabar mazauna bakin ruwa, tana lalata bangon mafitsara, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya tsutsarta cikin abubuwan da ke haddasa dajin mafitsara. Cutar noma, mai cinye fuskar yara, tana da asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023. Samfurin bangon mafitsara ko na fata a ɗakin gwaji ba zai warkar da kowa gobe ba, amma shi ne irin binciken da ba wanda zai yi wa yankin idan 'ya'yansa ba su yi ba.

Yanayi yana da nasa sharuɗɗan. A watannin Maris da Afrilu zafin Yawuri yakan haura digiri 40, alhali jelatin dabbobi yana narkewa tsakanin digiri 30 da 35, don haka ba a bugawa sai a ɗaki mai sanyi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i tana iya kashe ƙwayoyin da aka yi makonni ana reno, shi ya sa faifan sola da batura ke gaban firinta a jerin sayayya, ko da ɗakin yana kallon madatsar Kainji.

Doka da amana

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ɗibar nama, jini ko wani sashen jikin mutum ba da yardarsa ba bayan an yi masa cikakken bayani, ta kuma haramta cinikinsu. Ita ce ta ba Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa ƙarfin doka, ta wajabta cewa bincike a kan mutane ya bi ta kwamitin ɗa'a. Aiki da halittun da aka sauya wa gado yana ƙarƙashin hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015 aka faɗaɗa ikonta a 2019. Duk abin da za a ɗora a jikin majinyaci a matsayin magani ko kayan asibiti sai da rajistar NAFDAC.

Waɗannan ƙa'idoji ba ado ba ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da lamarin ya bari yana cikin abubuwan da suka rura ƙauracewa allurar shan-inna a 2003. Arhar na'ura ba ta sauƙaƙa wa kowa wannan nauyi. Ɗalibin da ya haɗa tasa a kan dala 500 dokar da ta hau kan babban kamfani ita ta hau kansa.

Tambayoyin da ya dace a yi wa masu riƙe da kuɗi

Tarayyar Afirka ta sa wa ƙasashenta burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a kan bincike, Najeriya kuwa tana can ƙasa da haka. Ɗan abin da ake da shi yana bi ne ta asusun TETFund da kasafin jihohi, kuma tsarin kwangila ya fi son sayen babbar na'ura da za a yanke wa kirtani a gaban 'yan jarida a kan biyan kuɗin sinadarai, gyara da horar da ma'aikata. Cibiyar BioRTC da Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021 ta nuna wata hanyar: haɗa tallafin gwamnatin jiha, kayan aiki daga abokan hulɗa na waje da horar da matasa a wuri ɗaya.

Idan wata jami'a ko ma'aikata ta sanar da sayen na'urar ɗab'in tsoka, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar tambaya a rubuce. Nawa aka saye ta, kuma an kwatanta da kuɗin haɗa ta a gida? Akwai akwatin reno da akwatin tace iska masu aiki? Wace wuta ce ke riƙe su da dare? Nawa aka ware wa sinadarai a shekara, su wa aka horar, wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da aikin? Amsoshin su ne za su nuna ko bincike ake nufi ko kwangila.

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga cibiyar da ke son shiga wannan fage daga gaɓar Kainji, jerin aikin ya fara ne da wuta mai ɗorewa da ɗaki mai tsabta, sai ma'aikacin da ya iya renon ƙwayoyin kifi na wata shida ba tare da sun gurɓata ba, sai jelatin karfasa da aka auna ingancinsa. Firintar ita ce ta ƙarshe a jerin, kuma ita ce kaɗai ɗaliban injiniyanci na Aliero ko Birnin Kebbi za su iya haɗawa cikin zangon karatu ɗaya.